Karatun kwamfutar kwantum: ta wace ƙofa ɗalibin Damagaram zai shiga?

Kalmar kwantum ta yawaita a labarai tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum, domin cikar shekara 100 da aikin da Werner Heisenberg ya yi a 1925, wanda ya aza harsashin wannan reshe na fizik. Ƙasar Gana ce ta kai ƙudurin zauren majalisar. A watan Oktoban 2025 kuma aka ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kyautar Nobel, saboda gwaje-gwajen da suka yi a jami'ar Berkeley a 1984 da 1985, waɗanda a kansu aka gina irin na'urar da Google da IBM ke ƙerawa a yau. Bayan labarai sai masu talla suka biyo: kwasa-kwasan ƴan makonni, takardar shaida ta intanet, alƙawarin albashin da ba a taɓa ji ba.

Ɗalibin da ke ajin tarminal a lise Amadu Kuran Daga, ko wanda ke shekarar farko a jami'ar André Salifou, tambayarsa ita ce: wannan karatu ana iya fara shi daga nan, ko sai wanda ya ƙetare? Ta iyaye ta fi gajarta: in ya gama, aikin me zai yi? Nijar ba ta da kwamfutar kwantum, wannan gaskiya ne. Amma da yawa daga cikin masu bincike a fannin, har a Turai da Amurka, ba su taɓa ɗora hannu a kan na'urar ba. Da alƙalami da allo da kwamfutar hannu suke aikinsu. Don haka ƙofar shiga lissafi ne, kuma ana koyar da farkonsa a nan gida.

Mece ce ita, me kuma ba ita ba ce

Kwamfutar da aka saba da ita, har da wayar salula, tana aiki da abin da ake kira bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Ta kwantum tana aiki da kubit. Ana yin kubit da abu mai ƙanƙanta ƙwarai: atam guda, ko ɗigon haske guda, ko wata ƴar da'irar lantarki da aka sanyaya matuƙa. Kafin a auna shi, halinsa cakuɗe ne na 0 da 1, kuma lambobi biyu ne ke bayyana nauyin kowane ɓangare. Da zarar an auna, cakuɗin ya watse, sai a ga 0 ko 1 kurum.

Ƙarfin yana cikin ninkawa. Kubit 2 suna bukatar lambobi 4 kafin a bayyana halinsu, kubit 3 lambobi 8, kowane ƙarin kubit ɗaya yana ninka adadin. Kubit 30 sun haura lambobi miliyar 1. In aka kai kubit 300, adadin ya zarce ƙiyasin yawan atam ɗin da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa. Ga kuma sarƙewa: kubit biyu na iya haɗuwa ta yadda ba a iya bayyana halin ɗaya ba tare da ɗayan ba, ko da an nisanta su. Tabbatar da wannan ta hanyar gwaji ne ya jawo wa Alain Aspect na Faransa da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022.

A nan ne mafi yawan masu bayani ke kuskure. Sukan ce na'urar tana gwada dukkan amsoshi lokaci guda, shi ya sa ta fi sauri. In da haka ne kawai, da ba ta da amfani, domin idan aka auna amsa ɗaya za ta fito, kuma ba wanda ya zaɓe ta. Dabarar tana wani wuri. Lambobin nan da ke bayyana nauyi suna iya ƙarfafa juna, suna iya soke juna. Wanda ya jefa duwatsu biyu a tabki zai ga inda igiyoyin ruwan suka haɗu suka tashi sama, da inda suka haɗu ruwan ya kwanta lumui. Aikin mai tsara dabarar lissafin kwantum shi ne ya jera matakai yadda amsoshin banza za su soke juna, amsar kirki ta yi ƙarfi kafin a auna. Wannan abu ne mai wuya, kuma matsaloli kaɗan ne aka gano yadda za a yi musu haka.

Manyansu uku ne. Akwai kwaikwayon yadda atam da sinadarai ke aiki, wanda Richard Feynman ya kawo shawararsa a 1981. Akwai tsinka babbar lamba zuwa ƙananan lambobin da aka ninka aka same ta, wanda Peter Shor ya gano dabararsa a 1994. Sai binciko abu ɗaya cikin tarin da ba a jera ba, na Lov Grover a 1996, inda neman da zai ci gwaji miliyan 1 ke komawa wajen gwaji 1,000. Ban da irin waɗannan, na'urar ba ta fi kwamfutar ofis komai ba. Ba za ta sa bidiyo ya sauka da sauri ba, ba kuma za ta maye gurbin waya ba.

Wani abin lura: akwatin nan da wasu masu sayar da magani ke yawo da shi, a ba mutum ƙarfe ya riƙe, a ce na'urar kwantum ce ta duba hanta da ƙoda cikin minti ɗaya, ba shi da dangantaka da wannan kimiyya. Suna kawai aka ara. Haka ma masu kiran a zuba kuɗi a wani wai tsarin kuɗi na kwantum.

Inda na'urar ta kai

David Deutsch na jami'ar Oxford ya bayyana tsarin kwamfutar a takarda a 1985, amma duniya ba ta waiwayo ba sai da aikin Shor ya fito, domin wahalar tsinka manyan lambobi ita ce makullin tsarin RSA, wanda bankuna da gwamnatoci ke sirranta saƙonni da shi tun bayan ƙirƙiro shi a 1977. Daga nan kuɗi suka fara shigowa. A 2001 masu bincike na IBM suka gwada dabarar Shor da kubit 7, suka tsinka 15 zuwa 3 sau 5. A 2016 kamfanin ya ɗora na'ura mai kubit 5 a intanet don kowa ya gwada. A 2019 Google ya ce na'urarsa mai kubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 wani lissafi da babbar kwamfuta za ta shekara 10,000 tana yi. IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi ya isa. Lissafin kansa ba shi da wani amfani a rayuwa, an tsara shi ne don gwajin ƙarfi.

Abin da ke riƙe da fannin shi ne kubit ba ya jure motsi. Ɗan zafi, ɗan girgiza, ɗan kutsen igiyar lantarki, sai halinsa ya lalace. Irin na Google da IBM ana ajiye su a cikin wani firji na musamman da ke sauka ƙasa da digiri 273 ƙarƙashin sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Duk da haka, mafi kyawun na'urorin suna kuskure wajen sau ɗaya cikin matakai 1,000, alhali lissafi mai amfani yana bukatar matakai miliyoyi ko miliyoyin dubbai. Maganin shi ne a haɗa ɗaruruwan kubit masu kuskure su zama kubit ɗaya abin dogaro. A Disamban 2024 Google ya nuna, da na'urarsa Willow mai kubit 105, cewa in an ƙara yawan kubit ɗin da aka haɗa kuskuren raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Masana sun ɗauki wannan da muhimmanci fiye da sanarwar 2019. Yawan kubit shi kaɗai ba ma'auni ba ne: IBM ya fitar da mai 1,121 tun 2023, amma bai warware wata matsalar da kwamfutar yau ta kasa ba.

Gwamnatoci ba su jira ba. Amurka ta kafa dokar shirinta a 2018 da kusan dala miliyar 1.2, Tarayyar Turai ta ware yuro miliyar 1 na shekara 10 a shekarar, Faransa ta sanar da yuro miliyar 1.8 a Janairun 2021, wato kimanin miliyar 1,180 na sefa. Indiya ta biyo a 2023. Sin ta harba tauraron ɗan Adam na gwajin sadarwar kwantum tun 2016. Waɗannan kuɗi ne suka haifar da sababbin darussan masta da guraben doktora a jami'o'i, domin ɗakunan bincike da kamfanoni suna neman ma'aikata fiye da waɗanda ake yayewa.

Masu cewa ta kusa, da masu cewa da saura

IBM ya sa wa kansa 2029 a matsayin shekarar da zai fitar da na'ura mai kubit 200 na abin dogaro. Shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya ce a Janairun 2025 na'ura mai amfanin gaske za ta ɗauki shekara 15 zuwa 30. Hannayen jarin kamfanonin kwantum suka faɗi nan da nan, daga baya Huang ya sassauta maganarsa. Akwai kuma ƴan tsiraru, irin su masanin lissafi Gil Kalai, da ke ganin ba za a taɓa shawo kan kuskuren yadda ake bukata ba. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa masu sa ranar kusa galibi su ne masu neman jari. Amma su ma masu shakka sun ga an cimma wasu abubuwan da a da ake ganin sun yi nisa.

A gida muhawarar wata ce daban. Wani ɓangare na cewa ƙasar da jami'o'inta ke fama da ƙarancin malamai da ɗakunan gwaji da jinkirin burs, ƙasar da ke neman likitoci da injiniyoyin ruwa da na man fetur, ba ta da hurumin tura haziƙan ƴaƴanta fannin da ba a san ranar amfaninsa ba, kuma wanda ya ƙware a kai da wuya ya dawo. Ɗaya ɓangaren na cewa an bar Afirka a baya lokacin kwamfuta, an bar ta lokacin intanet, kuma horar da masanin lissafi ba ya cin kuɗin da gina asibiti ke ci. Kowane ɓangare na iya kafa hujja da Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ya yi zurfi a fizik a Faransa a lokacin da ba wanda ke ganin ɗan Nijar na da abin yi da shi. Amma da ya dawo, hasken rana ya sa a gaba a cibiyar ONERSOL, abin da ƙasar ke da shi a wadace.

In aka auna maganganun biyu, akwai wurin da suka haɗu. Sayen na'urar ko gina ɗakin sanyinta ba abin da Nijar za ta sa a kasafi ba ne yanzu. Horar da mutum a lissafi da fizik da tsara manhaja kuwa ba asara ba ne ko da na'urar ta makara shekara 30, domin ilimin da ake bi a kai ga kwantum shi ne dai wanda ake bukata a ƙididdiga, da ƙirƙirarriyar basira, da tsaron bayanai, da koyarwa a lise, inda malaman lissafi da fizik suka yi ƙaranci.

Karatun ba ya farawa da sunan kwantum

Kusan duk masu bincike a fannin sun fara ne da lisansi a lissafi, ko fizik, ko ilimin kwamfuta, ko injiniyancin lantarki, sannan suka karkata a masta ko doktora. Digirin farko mai ɗauke da sunan kwantum sabon abu ne kuma ba shi da yawa. Jami'ar Sherbrooke ta Kanada, mai koyarwa da Faransanci, ta buɗe nata ne a 2022. Ɗalibin da ya ci bak C ko D ko E bai rasa komai ba don ya fara a gida. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, tana da tsangayar kimiyya da fasaha. Akwai irinta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta Abdou Moumouni a Yamai.

Darasin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ɗalibai ke kira aljebur lineyer, lissafin matiris da bekta, wanda ake yi a shekarar farko da ta biyu. Halin kubit bekta ne, kowane mataki na na'urar matiris ne, shi ke nan. Wanda ya haddace shi don jarrabawa ya manta zai dawo ya sake shi. Sai lambobin kwampleks da ake fara gani a tarminal, da lissafin yiwuwa, da harshen tsara manhaja na Python. Darasin mekanik kwantik na ƴan fizik yana da amfani, amma ga mai son ɓangaren dabarun lissafi ba shi ne sharaɗi ba, kuma wannan yana ba mutane da yawa mamaki.

Sai Ingilishi. Kusan dukkan takardun bincike da shi ake rubuta su, kuma mafi yawan guraben da ke ba da cikakken tallafi da shi suke koyarwa. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗan Damagaram na da wata dama a nan da ɗan Yamai ba shi da ita: Kano na da nisan kilomita 240 ko kusa da haka, Yamai kuwa wajen 900.

Fannin ya rabu. Akwai masu ƙera na'urar, aikin da ke bukatar ɗakin gwaji na miliyoyin dala, laza da firji da kayan auna. Wannan sai a waje. Akwai masu nazarin dabaru da gyaran kuskure, aikin lissafi zalla. Akwai masu rubuta manhaja da masu tsaron saƙonni. Na biyu da na uku su ne ake iya somawa daga nan.

Ƙofofin da ke buɗe, da waɗanda suka ƙuntata

Mafi sanannen tsani ga ɗalibin Afirka shi ne cibiyar AIMS, wadda masanin fizik Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, ta kuma yi rassa a Senegal a 2011, Gana a 2012, Kamaru a 2013, da Ruwanda a 2016. Masta ce ta kusan shekara guda a kimiyyar lissafi, kuma wanda aka ɗauka ana ɗauke masa kuɗin karatu da masauki da abinci. A Kigali tana da sashen bincike mai suna Quantum Leap Africa. Ga wani sharaɗi da ke kama ƴan tsarin LMD ba shiri: AIMS na neman digirin shekara 4. Lisansinmu shekara 3 ne, don haka a bisa al'ada sai an ƙara shekarar farko ta masta kafin a nema.

Na biyu shi ne cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe masu tasowa. Tana da difloma ta wata 12 da ke shirya ɗalibi shiga doktora, da tallafin tafiya da na zama, kuma tana fifita ƴan ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, waɗanda Nijar ke cikinsu. Tana da abokiyar aiki a Kigali, EAIFR, mai masta da doktora a fizik. A Trieste ɗin ne kuma ofisoshin ƙungiyoyin masana kimiyya na TWAS da OWSD suke, masu ba da tallafin doktora, ta biyun ga mata kaɗai. Ga mai son zama cikin Faransanci, akwai IMSP da ke Dangbo a Jamhuriyar Benin, tsohuwar cibiyar lissafi da fizik ta yankin, ko da yake rufe iyaka tun 2023 ya tsawaita hanyar. A Abuja akwai AUST, jami'ar masta da doktora da aka buɗe a 2007.

Afirka ta Kudu ce ta fi nisa a nahiyar. Jami'ar Wits ta shiga ƙawancen kwantum na IBM a 2019, ta zama mashigar jami'o'in ARUA, ƙungiyar jami'o'in bincike na Afirka, ciki har da Legas da Ibadan da Cheikh Anta Diop ta Dakar. Babu ta Nijar a jerin. Afirka ta Kudun na da shirinta na ƙasa, kuma a 2025 aka wallafa sakamakon gwajin da jami'ar Stellenbosch ta yi da masanan Sin, na musayar makullin sirri ta tauraron ɗan Adam a tazarar kilomita 12,900.

Can waje, sunayen da ake ji su ne Waterloo da Sherbrooke a Kanada, Delft a Holan, Paris-Saclay da Grenoble a Faransa, Hefei a Sin. Faransa ce a da hanya mafi sauƙi ga mai lisansin Nijar, ga harshe ɗaya, ga kamfanoni irin su Pasqal da Quandela da Alice & Bob. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ta dakatar da ba da biza daga Yamai, ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024. Amurka ma ta tsaurara wa ƴan Nijar a 2025. Wannan ya ƙara wa guraben Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Indiya da Sin da Rasha daraja, kuma yawancin na gwamnati zuwa gwamnati ta hannun hukumar ANAB suke bi. Akwai wani shinge da bai shafi siyasar Sahel ba: tun 2024 ƙasashe irin su Faransa da Ingila da Kanada sun sa takunkumi kan fitar da na'ura mai kubit 34 ko fiye in ta kai wani mataki na inganci, domin suna kallon fasahar a matsayin ta tsaro. Ɗakunan gwajin da ke ƙera na'ura suna tantance baƙin ɗalibai fiye da sassan lissafi.

Duk waɗannan wurare abu iri ɗaya suke dubawa: makin darussan lissafi a takardar sakamako, wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san ɗalibin da gaske, da shaidar cewa ya taɓa yin wani ɗan aiki da kansa. Galibi a farkon shekara ake rufe karɓar takardu, don haka fasfo da fassarar takardu aikin damina ne, ba na watan Janairu ba. Takardar shaidar kwas ɗin intanet ba ta cike gurbin maki.

Binciken da ba ya bukatar firji

Kwamfutar hannu na iya kwaikwayon ƙaramar kwamfutar kwantum. Kubit 20 na cin megabait 16 kacal na ma'ajiyar aiki, 25 na cin 512, 30 kuwa sai gigabait 16. Wato tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu ta isa duk abin da ɗalibin lisansi da na masta zai koya. Manhajojin Qiskit na IBM, Cirq na Google da PennyLane na kamfanin Xanadu kyauta ne, kuma in an sauke su suna aiki ba tare da intanet ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da wutarsa ta dogara da layin da ke zuwa daga Najeriya, wanda aka yanke a 2023 lokacin takunkumi. Sababbin takardun bincike ana ɗora su kyauta a rumbun arXiv tun kafin mujallu su buga. Ƙungiyar QWorld na shirya bitar koyon farko ta intanet ba tare da kuɗi ba.

Misalin da malamai ke yawan kawowa shi ne na Ewin Tang. Tana ɗaliba a jami'ar Texas da ke Austin, malaminta Scott Aaronson ya ba ta aikin tabbatar da cewa wata dabarar kwantum ta fi duk wata dabarar kwamfutar yau sauri. Sai a 2018, tana da shekara 18, ta gano akasin haka: ta tsara dabarar da kwamfuta ta gama-gari za ta yi aikin da kusan saurin. Sakamakon ya rushe ɗaya daga cikin hujjojin da ake tallata na'urar da su, kuma ba ta yi amfani da kubit ko ɗaya ba.

Amma labarin nata ya nuna abin da ya fi na'ura wuyar samu: malamin da ya san wace tambaya ce ba a amsa ba tukuna. Ba a nan gizo ke saƙa ba in ana maganar littafi ko manhaja. A jagora yake saƙa. Hanyar da jami'o'in yankin suka saba bi ita ce doktora mai jagora biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ɗalibi na kai da kawowa. Kafin a kai nan, malami ɗaya a sashen lissafi da ya yarda ya ba ɗalibin masta batun kundi kan dabarar Grover ko gyaran kuskure ya isa a fara.

Abin da zai taɓa mutumin da bai shiga jami'a ba

Ana yawan ambaton taki. Masana'antu na haɗa takin zamani da zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani, aikin da ke cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa suna yin wannan aikin a cikin ƙasa ba tare da wuta ba, kuma har yau ba a gama gane yadda sinadarin da suke amfani da shi ke aiki ba, domin lissafinsa ya fi ƙarfin kwamfutar yau. Wani nazari na 2017 da masanan jami'ar ETH Zurich da na kamfanin Microsoft suka yi ya nuna na'urar kwantum mai inganci za ta iya. Daga gane sinadari zuwa buhun taki mai araha a kasuwar Dole tafiya ce ta shekaru masu yawa. Akwai kuma na'urorin awo na kwantum, waɗanda ba kwamfuta ba ne, masu gano ɗan bambancin nauyin abin da ke ƙarƙashin ƙasa; a 2022 masanan jami'ar Birmingham ta Ingila sun gano ramin da ke binne da irinsu. Garin da ke zaune kan dutse yana jawo ruwansa daga nesa yana da dalilin sa ido a kansu.

Wanda ya riga ya iso shi ne batun makulli. Katin banki, tura kuɗi ta waya, sa hannun lantarki da ke cikin fasfo mai guntun na'ura irin na ƙawancen Sahel, AES, da aka fara bayarwa a Janairun 2025, duk sun dogara da RSA ko danginsa, kuma dabarar Shor na karya su in na'urar ta girma. A 2019 an ƙiyasta sai da kubit miliyan 20. A 2025 Craig Gidney na Google ya sauko da ƙiyasin ƙasa da miliyan 1, cikin ƙasa da mako guda. Har yanzu babu na'urar da ta kusa haka, don haka kuɗin da ke asusun ɗan kasuwa ba su cikin haɗari yau. Damuwar ita ce mai leƙen asiri na iya tara saƙonnin da aka kulle yanzu ya ajiye, ya buɗe su ranar da na'urar ta samu.

Saboda haka NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, bayan gasar da ta fara a 2016, ta fitar da sababbin ma'aunai uku a Agustan 2024, ta kuma ba da shawarar a daina tsofaffin kwata-kwata nan da 2035. Manhajojin aika saƙo na Signal da iMessage sun riga sun fara sauyawa. Sababbin makullan ba sa bukatar kwamfutar kwantum. A kan waya da kwamfutar yau suke aiki, wani lissafi ne kawai na daban. Kamfanonin waje da ke sayar da manhaja za su yi babban ɓangaren sauyin, amma kowane banki da kamfanin waya da ma'aikatar gwamnati sai ta samu wanda zai bi tsarinta ya gano inda tsohon makulli yake, ya gwada sabon, ya tabbatar bai tsayar da biyan albashi ba. Wannan aikin mai masta ne a lissafi ko ilimin kwamfuta da ya karanci sirranta bayanai, irin mastar da jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ta daɗe tana koyarwa.